Wasiƙa daga Landan: garkuwa ma tana da kirarinta

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida, na Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, na Damagaram da Maraɗi, da mutanen zango duk inda wannan takarda ta iske ku. Ina fatan kuna lafiya, da iyali da maƙwabta. Mu nan sai godiyar Allah. Hunturu ya kama, kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya rufe gari, mutum ya fita aiki da duhu ya dawo da duhu.

Abin da ya zaunar da ni rubuta muku shi ne wani hoto da ƙanena ya turo mini ta WhatsApp kwanakin baya. Mutanen unguwarmu sun yi karo-karo sun gina makaranta mai aji shida, abin da muka daɗe muna roƙon Allah ya nuna mana. Saura tambarin da za a ɗinka a aljihun rigar yara, a zana a ƙofa, a kuma sassaƙa a hatimin shugaban makaranta. Ya ce, "Yaya, ga abin da kwamiti ya tsayar, ka duba mana tunda ka daɗe kana bibiyar irin wannan." Na buɗe hoton na ƙirga abin da ke ciki: littafi a buɗe, allo, alƙalami, fitila, rana tana ɓullowa, taswirar Najeriya, fartanya, kwamfuta, hannuwa biyu suna musafaha, sunan makarantar ya kewaye su, ga take da Turanci, ga wani da Larabci. Launi tara. Ban raina ko ɗaya ba, domin na san kowane abu akwai dattijon da ya miƙe a taro ya ce sai an sa shi, kuma da dalilinsa mai kyau. Amma da na rage hoton ya dawo girman aljihu, sai komai ya cakuɗe ya zama tabo ɗaya. Yaron da zai sa rigar ba zai iya zana shi a ƙasa da tsinke ba. Uwarsa ba za ta iya kwatanta wa tela shi da baki ba.

Tun a daren na fara ba shi amsa, amsar ta yi ta tsawo, sai na ga gara in mai da ita wasiƙa ga kowa, domin makarantarmu ba ita kaɗai ke cikin wannan hali ba. Ku dubi tamburan ƙananan hukumominmu, da na ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da na kulob-kulob ɗin ƙwallo, har da na wasu jihohi.

Akwai wani gini na jan bulo a titin Sarauniya Biktoriya, tsakanin babban cocin San Fol da kogin Tems, wanda na shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa a hanyar aiki. Kwalejin Garkuwoyi ke nan, gidan da ke kula da tamburan Ingila. Sarki Ricad na Uku ne ya ba su takardar kafuwa a 1484, aka ba su wannan fili a 1555, babbar gobarar Landan ta 1666 ta cinye tsohon gidan amma aka tsira da littattafan, aka sake gini a wurin. Mutum goma sha uku ne ke riƙe da sarautun gidan: manya uku da ake kira sarakunan garkuwa, shida a ƙarƙashinsu, sai ƙanana huɗu. Asalin aikinsu aikin sanƙira ne. Su ke shela a fagen sukuwa da gaban sarki, su ke kai saƙo tsakanin rundunoni biyu, su suka san wane ne wane, ɗan wane ne, jikan wane ne. Wanda ya kalli talabijin a ranar 10 ga Satumba 2022 ya ga babbansu a kan barandar fadar San Jems yana shelar cewa Carls ya zama sarki. Da na ga haka sai na tuna ƙofar fada ranar hawan sallah, sanƙira yana gaba yana ɗaga murya.

Babban abin da na koya daga wannan fanni, wanda shi ne dalilin wasiƙar nan, shi ne cewa a wurinsu kalmomi ne tambari, zane kuwa bin kalmomin yake yi. Idan aka ba mutum ko gari ko jami'a tambari, ana rubuta siffarsa da wani harshe na musamman a kan fata, a shigar da shi rajista. Wannan rubutu suna kiransa bilazon, ni kuwa ban sami sunan da ya dace da shi kamar kirarin garkuwa ba. Kirarin sarki, maroƙi goma za su yi shi, kowa da muryarsa, wani da kaushi wani da zaƙi, amma duk wanda ya ji ya san wa ake nufi. Haka mai zane goma za su karanta kirarin garkuwa ɗaya, wani ya yi zakinsa siriri wani ya yi shi mai ƙiba, wani shuɗinsa ya yi duhu wani ya yi haske, kuma dukansu sun yi daidai muddin ba su saɓa wa kalmomin ba.

Abin ya samo asali ne daga buƙata. A yaƙin Hestins na 1066 jita-jita ta bazu cewa an kashe Wiliyam na Nomandi, mutanensa suka fara ja da baya, sai da ya ture kwalkwalinsa ya nuna fuska kafin suka tsaya. Da kwalkwali ya zo ya rufe fuska gaba ɗaya, mahayi cikin sulke ba ya bambanta da ɗan'uwansa, kamar yadda barde cikin lifidi yake ɓace wa mai kallo. Mu a wurinmu kiɗa da kirari da naɗin rawani da adon doki ke gaya maka tawagar wane hakimi ce ke tafe. Su kuwa a ƙarni na 12 suka koma ga fentin garkuwa, da rigar da ake ɗorawa a kan sulke, da tuta, da hatimi. An ruwaito cewa a 1128 Sarki Henri na Ɗaya ya rataya wa surukinsa Jefri na Anju garkuwa mai zakoki na zinariya. Hoton Jefri da shuɗiyar garkuwar yana nan a birnin Le Mans na Faransa, kuma jikansa da aka binne a cocin Solsbiri a 1226 yana ɗauke da irin waɗannan zakoki a kan shuɗi. Daga nan alama ta zama gado.

Tunda daga nesa za a gane ta, cikin ƙura, doki yana gudu, sai aka taƙaita launuka. Ƙarfe biyu ne: zinariya, wadda ake zanawa da ruwan ɗorawa, da azurfa, wadda ake zanawa da fari. Rini biyar ne: ja, shuɗi, kore, baƙi da shunayya. Sunayensu daga tsohon Faransanci suke, domin shi ne harshen fadar Ingila a wancan zamani. Ja suna ce masa gyuls, baƙi sebul, sunan wata dabba mai baƙin gashi, shuɗi kuwa azur, kalmar da ta bi ta Larabci daga Farisanci, lazaward, sunan wani shuɗin dutse mai daraja. Akwai kuma zanen fatu guda biyu, ɗaya fari mai ɗigon baƙi, ɗaya shuɗi da fari na kwaikwayon fatar wani irin kurege. Sai ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci: ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, ba a ɗora rini a kan rini. Fari a kan ruwan ɗorawa ba ya fita, ja a kan shuɗi yana nutsewa, baƙi a kan kore sai ka matso. Duk mai ɗinkin hula ya san wannan da idonsa ko da bai taɓa jin an faɗa ba, kuma ita ce ƙa'idar da allunan kan titi da lambar mota suke bi har yau. Tambarin makarantarmu ya saɓa mata a wuri huɗu.

Idan dole sai rini biyu sun haɗu, akwai dabara: a ratsa siririn ƙarfe a tsakaninsu. 'Yan'uwanmu na Ghana su dubi tambarin ƙasarsu, wanda Amon Kotei ya zana a 1957. Gicciye kore ne a kan shuɗin fili, amma an yi masa baki da zinariya, shi ya sa yake fita. Farin da ke raba ja da shuɗi a tutar Birtaniya ma aikinsa ke nan. Ga mai son yin hatimin roba kuma, inda launi ɗaya tak ake da shi, tun 1638 aka yaɗa wata hanya: ɗige-ɗige na nufin zinariya, layuka a tsaye ja, layuka a kwance shuɗi, layuka masu ratsa juna baƙi, wurin da aka bari fayau kuwa azurfa.

Wani abu da nake so ku yi hattara da shi: za ku ga ana yaɗa jerin ma'anoni, wai ja jarumta ne, shuɗi gaskiya, kore fata nagari. Waɗannan daga baya marubuta suka ƙaƙaba su. Mahayin ƙarni na 12 ya zaɓi ja ne domin a hango shi kuma domin maƙwabcinsa ya riga ya ɗauki shuɗi. Mai tambari yana da ikon ya ce ga abin da launinsa yake nufi a wurinsa, amma babu wata doka da ta ɗaure launi da ma'ana ɗaya.

Inda na fi jin daɗin wannan ilimi shi ne wajen manyan siffofin da ake raba garkuwa da su, domin da na zauna neman sunayensu da Hausa sai na tarar harshenmu ya riga ya tanade su. Faffaɗan layin da ke kwance a can sama, goshi ne. Wanda ya ratsa tsakiya a kwance, ɗamara ce, kuma asalin kalmar tasu ma ɗauri take nufi. Wanda ya sauko daga sama zuwa ƙasa a tsakiya, ginshiƙi ne. Wanda ya taso daga kafaɗa ɗaya ya gangara zuwa ɗaya kwiɓin, wannan ai hamila ce, igiyar da ake rataya takobi da ita. Mai kama da kan jinka, wanda ke hannun rigar saje da kofur, sojojinmu sun daɗe suna ce masa igiya. Akwai gicciye na tsaye da gicciye na karkace, akwai baki mai kewaye garkuwar duka. Akwai kuma mai reshe biyu a sama da ƙafa ɗaya a ƙasa kamar harafin Y, wanda duk wanda ya taɓa kafa rumfa ya san sunansa: gwafa. Gefen kowannensu yana iya zama miƙaƙƙe, ko mai igiyar ruwa, ko mai haƙoran zarto, ko mai hawa da sauka irin na kan ganuwa. Da waɗannan kaɗai, da launi bakwai, za a fitar da dubban tambura ba tare da biyu sun yi kama ba, kuma ba tare da an zana ko kiyashi ba. Na faɗi haka ne domin na san da yawa daga cikinmu suna ƙyamar zanen abu mai rai, kuma ina girmama wannan. Tsofaffin garkuwoyi mafi kwarjini da yawansu babu dabba a ciki.

Ga misali. A 1385 Sarki Ricad na Biyu ya fita yaƙi Sikotland, sai manyan mutane biyu a rundunarsa, Richard Scrope da Robert Grosvenor, suka tarar garkuwarsu iri ɗaya ce: shuɗin fili, hamilar zinariya. Magana ta kai kotu. Aka shekara biyar ana shari'a, aka saurari ɗaruruwan shaidu, tsofaffin mayaƙa suna rantsuwa cewa a yaƙi kaza sun ga wannan garkuwa a hannun kakan wane. A 1390 aka bar wa Scrope, shi kuwa Grosvenor ya koma damin alkama na zinariya a kan shuɗi. Zuriyarsa ce ke da manyan filaye a tsakiyar Landan yau, kuma damin alkamar yana nan a tambarinsu. Kalma huɗu aka yi wa wannan doguwar shari'a, kuma mutumin da ya ji su yau zai zana abin da aka zana shekara fiye da 600 da suka wuce.

Dama da hagu a wannan fanni na mai riƙe da garkuwa ne. Abin da aka ce yana dama, kai mai kallo a hagunka za ka gan shi, kuma ɓangaren dama shi ne mai daraja. Idan miji da mata suka haɗa tamburansu a garkuwa ɗaya, na miji a dama, na gidan su matar a hagu. Idan mace ce magajiyar gidansu, 'ya'yanta su raba garkuwar gida huɗu su ɗauki na uba da na uwa. Wasu iyalai sun bi wannan har suka wuce gona da iri, akwai wani gida a Ingila da aka zana wa garkuwa mai gida 719, wadda ba ta da amfani a fagen fama ko a aljihun riga. Babban ɗa yana ƙara wata alama mai harsuna uku a sama muddin uban yana raye, na biyu jinjirin wata, na uku tauraro. Wannan ya nuna cewa a Ingila da Sikotland tambari na mutum ɗaya ne da magadansa. Shagunan da ke sayar wa baƙi tambari bisa sunan mahaifi kawai, abin wani suke sayarwa.

Dabbobi kuma kowace tsayuwa da sunanta. Zaki a zabure, ya miƙe kan ƙafar baya yana kai hannu, shi ne jan zakin Sikotland a kan zinariya. Zaki mai tafiya yana waiwayen mai kallo, su ne ukun nan na zinariya a kan ja da Ingila take amfani da su tun hatimin Ricad na Ɗaya na 1198. Akwai na zaune, na kwance, na barci. Ba zan tsaya a kansu ba.

Kada wani ya ɗauka Turawa kaɗai suka san wannan. A gidajen tarihin Landan akwai fitilun gilas na masallatan Alƙahira daga zamanin Mamluk, waɗanda suka mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517. A jikinsu, tsakanin ayoyi, za ka ga da'ira an raba ta gida uku a kwance, da alama a tsakiya. Suna kiranta ranku, daga kalmar Farisanci mai nufin launi. Amirin da ya fara aiki a matsayin mai shayar da sarki, kofi ne alamarsa. Magatakarda, gidan tawada da alƙalami. Mai riƙe makami, takobi. Mai kula da tufafi, adiko. Sarki Baibars, wanda ya hau a 1260, zaki ne nasa, yana kan kuɗinsa da gadojin da ya gina. Sarakunan Garnaɗa a Andalus kuwa garkuwa suka yi mai hamila, a kan hamilar aka rubuta cewa babu mai rinjaye sai Allah, kuma tana nan a bangon fadar Alhamra. Ranar da na fara tsayawa gaban waɗannan fitilu na daɗe ban motsa ba. Na yi ta tunanin Shamaki da Ma'aji da Sarkin Zagi da Madaki, kowanne da aikin da aka san shi da shi, da tagwayen masun Sarkin Kano, da tutocin da Shehu Usmanu ya ba almajiransa. Alama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da ba mu yi ba shi ne mu zauna mu rubuta ta da ƙa'ida, mu ajiye.

Yanzu ku ɗauko takardar naira ko fasfo mu karanta namu tare. An ba Najeriya tambarinta a watan Mayu na 1960. Kirarin garkuwar gajere ne: baƙin fili, farar gwafa mai igiyar ruwa. Azurfa a kan baƙi, ƙa'ida ta cika, kuma ko yaro zai zana ta. Gwafar ita ce Kwara da Binuwai inda suka haɗu a Lakwaja, baƙin kuwa ƙasar noma. Duk sauran abubuwan suna wajen garkuwa, kuma kowanne da sunansa. Abin da ke can ƙoli, wanda asalinsa ado ne da mahayi ke kafawa a kan kwalkwali, ni zanko nake ce masa, kamar na zakara ko na saman soro. Namu jar mikiya ce, wasu su ce gaggafa, ta buɗe fukafukai. Tana tsaye a kan murɗaɗɗen ƙyalle fari da kore, wanda ba shi da maraba da gammo, kuma aikinsa na asali shi ne ya rufe mahaɗar zanko da kwalkwali. Fararen dawakai biyu da ke riƙe da garkuwar dama da hagu, zagage ne, kamar masu tafiya a gefen dokin sarki, kuma a Ingila ba kowa ake ba zagage ba, sai manyan masu sarauta da manyan hukumomi. Ƙasar da suka taka dandamali ce. Rubutun da ke ƙasa shi ne take. A 1960 Haɗin Kai da Imani kawai yake cewa, a 1978 aka ƙara Zaman Lafiya da Ci Gaba, kuma yana cikin sashe na 15 na tsarin mulkin 1999.

Akwai abin da ke damuna a dandamalin nan. Furen da ke kansa sunansa na kimiyya Kostus sifektabilis, tsiro ne mai faffaɗan ganye kwance a ƙasa da ke fitowa da damina, kuma furensa ruwan ɗorawa ne. Amma ku duba bangon ofisoshi da littattafan makaranta, sau da yawa ja ake yi masa. Wani ya kwafi wani, wani ya kwafi wanda ya kwafa, babu wanda ya koma ga kalmomin. Na ga inda mikiyar ta koma baƙa, na ga inda dawakan suka zama ruwan ƙasa, na ga gwafar da aka miƙar da ita har kogunan suka daina gudu. Mai fenti ba shi da laifi, ba a taɓa ba shi kirarin da harshen da yake ji ba.

A wannan wuri mutanen Nijar sun burge ni. Tsarin mulkinsu na 2010 ya rubuta siffar tambarin ƙasa da ainihin harshen wannan fanni: koren fili, wanda Faransawa ke kira sinoful, rana mai haskoki a tsakiya, a dama mashi a tsaye da takubban Buzaye biyu a gicciye a kansa, a hagu zangarniyar gero uku, ɗaya a tsaye biyu a gicciye, a ƙasa kan bijimi, dukansu na zinariya. Launi biyu kacal. Babu zaki, babu kwalkwalin Bature, babu abin da Bahaushe ko Bazabarme ko Buzu ko Bafillace zai tambaya mene ne wannan. Ku lura kuma mashin da aka ce yana dama, a hagunku yake.

Haka nake so mu yi. Ƙa'idojin launi da tsari mu ɗauka domin suna aiki, kamar yadda muka ɗauki awo da sikeli, amma kayan da za a ɗora su fito daga gida. Kenya garkuwar gargajiya da masu biyu ta sa, takenta Harambe da harshen Sawahili. Botswana jakunan dawa ne zagagenta, takenta kalma ɗaya, Pula, wato ruwan sama. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna takenta Aiki da Ibada, kalma uku da har yau tsofaffi ba su manta ba. Muna da dagi, kuma wannan fanni ya san ƙulli, domin akwai yankin Ingila da ƙullin igiya ne alamarsa. Muna da kakaki, da allo, da kuka, da giginya, da rumbu, da kwarya, da aska takwas ta gaban riga, da ƙofar ganuwa. Kuma akwai wasa da suna, wanda tsoffin masu wannan sana'a suke so ƙwarai: daular Kastil a Sifen ganuwa ta sa domin ma'anar sunanta ke nan, Liyon ta sa zaki. Garin da ake kira Dutse ko Rimi ko Gwarzo ko Kura, wani sunan ma ya riga ya zana rabin tambarin.

Saura maganar rajista, wadda ita ce ke hana rikici da kwafe. Daga 1530 zuwa 1688 masu shelar Ingila suna zagaya ƙasa lardi-lardi, suna kiran masu tambari su kawo hujja, wanda ba shi da ita a goge nasa a bainar jama'a. A Sikotland abin ya fi tsanani: tun dokar 1672 akwai littafi guda da ake shigar da kowane tambari, kuma Lod Layon da ke Edinbara, babban mai kula da tamburan Sikotland, alƙali ne mai kotu, amfani da tambarin da ba a yi wa rajista ba laifi ne har yau. Afirka ta Kudu ta buɗe ofishinta a 1963, Kenya ta yi dokarta a 1968, Kanada ta kafa nata a 1988. Mu ba sai mun jira Abuja ko Yamai ba. Kowace masarauta tana da magatakarda, tana da masana tarihi, tana da maroƙan da suka haddace asalin kowane gida. Littafi ɗaya mai kauri ya isa, a rubuta kirarin tambarin kowane hakimi da kowace makaranta da kowace ƙungiya da Hausa, boko da ajami, a zana shi a gefe, a sa kwanan wata. Wanda ya zo da irin na wani a ce masa ya sauya launi ko ya ƙara alama.

Ga abin da na aika wa ƙanena. Unguwarmu ta marina ce, kakanninmu a bakin karofi suka tsufa, don haka fili shuɗi. A tsakiya farin allo. A sama goshin zinariya, a kansa baƙin dagi. Take a ƙasa da Hausa: Karatu da Tarbiyya. Sunan makaranta a rubuta shi a allon ƙofa da kan takarda, a bar garkuwar ta huta. Kwamiti ya zauna sau biyu. Baba Liman ya yarda da allon nan take, malaman boko suka ce ina nasu, aka ce a ɗora baƙin alƙalami a tsaye a kan allon, wanda kowane ɓangare yake riƙewa. Dattijon da ya kawo fartanya ya ce shi ba zai janye ba, domin da kuɗin gero da gyaɗa aka sayi bulo, kuma gaskiyarsa. Sai aka sauke dagin aka sa baƙar fartanya a kwance a goshin. Na so dagin, amma nasu ya fi nawa gaskiya.

Na roƙi ƙanena abu ɗaya, kada ya nuna wa kowa hoto. Ya je wurin tela a bakin kasuwa ya karanta masa: shuɗin fili, farin allo mai baƙin alƙalami a tsaye, goshin zinariya mai baƙar fartanya a kwance. Ya je wurin mai fenti a wata unguwa ya karanta masa haka nan. Ranar Juma'ar da ta wuce ya turo mini hotuna biyu. Allon tela ya fi faɗi, fartanyar mai fenti ta fi doguwar ƙota, shuɗin ɗaya ya fi na ɗaya duhu. Na nuna wa 'yata mai shekara bakwai, wadda ba ta taɓa ganin unguwar ba, ta ce ai abu ɗaya ne, ta ɗauko takarda ta zana na uku.

A gaishe mini da su Baba Liman da dukan 'yan kwamiti, da iyayenmu mata da suka ɗebo ruwan gini. In Allah ya kai mu babbar sallah ina tafe, kuma ina so a ajiye mini riga ɗaya mai tambarin, daidai 'yar shekara bakwai.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Landan.